Ana huda ƙasa da ka, masu ilimin ƙasa suna kabu-kabu

Jama'ar Magarya da Dungas, na gida da na ci-rani, da masu bin wannan shafi daga Babura da Maigatari da sauran garuruwan tsallaken iyaka. Yau maganar za ta ɗan yi tsawo, kuma akwai waɗanda ba za ta yi wa daɗi ba. Ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke hukunci.

Ga maganar a taƙaice. A kudancin jihar Damagaram, kowace shekara ana zuba miliyoyin sefa cikin rami da sunan foraj, ba tare da an tambayi wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba. Su kuma ƴaƴanmu da suka karanta ilimin ƙasa, wato jiyoloji, suna zaune da dipulom cikin akwati. Wannan yana kabu-kabu, wancan yana koyarwa da kwantiragi, duka suna jiran ranar da kamfanin mai zai kira su. Ga aiki, ga ma'aikaci, an hana su haɗuwa. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. To yau gugan nan za mu kira da sunansa.

Mu fara da inda lissafin ya karkace. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a watan Nuwamban 2011, can arewa da Damagaram kan hanyar Tanut, iyaye da yawa suka ƙulla a ransu cewa duk yaron da ya karanta abin da ya shafi dutse da ƙasa ya yi ban kwana da talauci. Yaro ya ci bak, sai a ce masa je ka yi jiyoloji, fetur ya zo. Ba wanda ya zauna ya ƙidaya kujerun. Matatar nan an gina ta ne don tace ganga 20,000 a rana, kuma abin da matata ke nema shi ne masu ilimin sinadarai, makanikai, masu lantarki da masu kula da injuna. Shi mai ilimin ƙasa aikinsa yana wurin da ake neman man, a Agadem cikin jihar Difa, kilomita fiye da 400 daga matatar. Can ɗin ma ba taron kasuwa ake ɗauka ba. Ƴan ƙwararru kaɗan ne ke karanta hoton ƙarƙashin ƙasa su ce a huda nan, kuma in an gama gano rijiyoyin, buƙatarsu raguwa take yi.

Haka aka yi ta murna da bututun da ya tashi daga Agadem zuwa tashar Seme ta ƙasar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda jirgin ruwa na farko ya yi lodi daga gare shi a watan Mayun 2024. Lokacin shimfiɗa shi an ɗauki hannuwa da dama, masu walda, direbobi, leburori. Da aka binne bututu aka rufe da ƙasa, sai kowa ya kama hanyar gida, don aikin gini yana da ranar ƙarewa. A watan Maris na 2025 gwamnati ta sallami manyan shugabanni uku ƴan ƙasar Sin na CNPC da WAPCO da SORAZ, kuma cikin dalilan da aka bayar har da tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Wannan gyara muna bayansa. Ɗan Nijar da ya yi aiki ɗaya da baƙo ya ci albashi ɗaya. Amma ko yau aka miƙa wa ƴan ƙasa kowace kujera ta kamfanonin nan, sai an raba ta tsakanin jihohi takwas. Nawa ne za su iso Kwaya? Nawa ne za su iso Dogo-Dogo?

Wani zai ce to ai akwai yuraniyom. Akwai, kuma shi ne ya fi kowa koya mana darasi. Kamfanin COMINAK na Akokan, kusa da Arlit, ya shafe shekara fiye da 40 yana haƙa, sai ranar 31 ga Maris 2021 ya rufe saboda ma'adinin ya ƙare. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan masu yi masa ƙananan kwangiloli. Imuraren, wadda aka yi ta yi wa matasa alkawari da ita, an jingine aikinta a 2014 bayan haɗarin Fukushima na ƙasar Japan a 2011 ya karya farashi. A 2024 gwamnati ta karɓe lasisinta daga hannun Orano, a 2025 kuma ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Ko kana murna da waɗannan matakai ko kana da ja, abu ɗaya ya fito fili: aikin ma'adini yana rataye da farashin kasuwar duniya da siyasar manya. Ko a ƙasashen masu arziki haka abin yake. Gangar mai da ta haura dala 100 a 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016, kamfanoni suka yanke kuɗin bincike, masu ilimin ƙasa na Amurka da Ingila suka shiga sahun waɗanda aka sallama. Uban da ya ɗora duk karatun ɗansa kan wannan kasuwa, caca ya yi bai sani ba.

Su kuma ƙannen da ba su kai lise ba sun samo tasu hanyar shiga ƙarƙashin ƙasa. Tun 2014 da zinariya ta fito a Jado da Cibarakaten, garuruwanmu da yawa sun ga majiya ƙarfinsu sun hau mota sun yi arewa. A watan Nuwamban 2021, nan kusa a Garin Liman ta Ɗan Isa cikin jihar Maraɗi, rami ya rufta, aƙalla mutum 18 suka rasu. Allah ya jiƙansu. A Zamfara kuwa, a 2010, gubar dalma da ke cikin dutsen zinariyar da ake dakawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Sanin ƙasar da za ta riƙe rami da wadda za ta zube, da sanin dutsen da ke ɗauke da guba, su ne abin da ake koya wa ɗalibin ma'adinai tun yana aji. Ga wa da ilimin a kansa yana zaman banza, ga ƙane cikin rami ba mai faɗa masa.

Yanzu mu dawo gida, inda ainihin aikin yake. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, kuma karin maganar ta fi zama daidai a nan fiye da wurare da yawa. Ku dubi birnin Damagaram. Yana zaune kan dutse mai tauri, shi ya sa ake jawo masa ruwa daga nesa, daga Gogo-Mashaya da Arunguza da Ganaram, kuma duk da haka ƴan garuwa ba su taɓa rasa ciniki ba. Mu kuwa Allah ya ba mu fadamun Korama, irin na Bande da Washa da Gushi, inda ruwa ke kwance cikin rairayi kusa da sama, har ana noman rake da kayan garka rani da damina. Wannan ni'ima ita ce ta sa mutane sakaci. Tunda ko'ina aka huda ana ganin jiƙa, sai aka ɗauka cewa huda ƙasa ba ya buƙatar ilimi.

Kowa ya san yadda ake yi. Alhaji ya aiko da kuɗi daga Kano ko Legas don sadakar iyayensa. A taru a nuna wuri da baki, yawanci kusa da masallaci ko ƙofar gidan wani babba. Mai injin ya zo ya huda, ruwa ya yi tsiri, a yi kabbara, a ɗauki bidiyo a watsa a WhatsApp. Mai injin ya karɓi cikon kuɗinsa ya wuce. Bayan ƴan watanni rairayi ya cinye fanfo. Ko a watan Afrilu ruwan ya ja baya, shato ya tsaya fanko. Ko ruwan ya zo da ɗanɗanon kanwa, mata su ce ba ya dafa wake yadda suke so, ba ya kashe ƙishirwa, su ɗauki gugansu su koma tsohuwar rijiya. In ka tambaya mita nawa aka huda, wace irin ƙasa aka ratsa, a ina aka sa bututu mai tsaga, ba mai takarda ko ɗaya. Sai a ce ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, amma jama'a, ganganci ma yana da sunansa.

Da an kira mai ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ga abin da zai yi. Kafin a huda, zai zagaya rijiyoyin da ke kewaye ya auna zurfinsu, ya tambayi tsofaffi wacce ke ƙafewa da rani. In wurin da shakku, zai kafa ƙarafa a ƙasa ya tura lantarki, domin laka da rairayi mai ruwa da dutse kowanne da yadda yake barin wuta ta ratsa shi. Zai duba inda masai da juji da turken dabbobi suke, ya nisanta ramin da su, don ma'aikatan lafiya suna son a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Lokacin huda, zai tsaya kan mai injin yana ɗibar ƙasar da ke fitowa mita bayan mita yana rubutawa, don ya san daidai inda za a sa bututu mai tsaga, da irin tsakuwar da za a zuba ta tare rairayi, da inda za a toshe da siminti kada ƙazantar sama ta gangara. Bayan huda, zai ja ruwan na awoyi yana auna yadda yake sauka da yadda yake dawowa, daga nan ne zai ce ga girman fanfon da ramin zai iya ɗauka. A ƙarshe ya kai ruwan ɗakin gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: sinadarin fuluwor kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, nitarat, wanda ke zuwa daga masai da takin zamani, kada ya wuce miligiram 50. Ido ba ya ganin waɗannan, harshe ma ba ya jin su.

Wanda yake ganin gwajin ruwa almubazzaranci ne, ya tambayi mutanen Tibirin Gobir. A 1985 aka fara shan ruwan wani foraj mai zurfi a garin. Ruwa garau, kowa na murna. Sai da aka yi shekaru, aka ga yara suna tasowa da haƙora jajaye da ƙafafu a lanƙwashe, sannan aka gano fuluwor ya yi yawa a cikinsa. Ɗaruruwan yara suka nakasa, nakasar da ba ta da magani. Tibiri ba wata duniya ba ce, jihar Maraɗi ce, maƙwabtanmu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mun san amsoshin da za a ba mu, don muna jin su a waya duk lokacin da muka taɓo zancen a rediyo.

Na farko: kakanninmu sun gina rijiyoyi ba injiniya. Gaskiya ne, kuma maginan rijiya na gargajiya masana ne, suna karanta ƙasa da itatuwa da gidan tururuwa, muna girmama su. Sai dai kakanninmu da guga da igiya suke ɗiba, ba da fanfon sola mai ja tun hantsi har la'asar ba. Ba su zuba takin zamani a garka, kuma ba su kai mu yawa ba. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 900,000 a sassan Magarya da Dungas, yau kuwa Allah kaɗai ya san inda muka kai. Ruwan da ke kusa da sama shi ne ya fi saurin gurɓata. Duk wanda ya ga kwalarar 2021 a jihohin Damagaram da Maraɗi ya san ba tatsuniya muke ba.

Na biyu: masu injin ai sun san aikinsu. Wasu sun sani sosai. Amma mai injin da mita ake biyansa, kuma shi ne ke sayo bututu da tsakuwa. Kai da ka ba da kuɗin, wa ke tsaya maka? Ko awon hatsi a kasuwa ba a barin mai sayarwa shi kaɗai da tiya.

Na uku, kuma shi ne na ofis: ba kuɗi. Haba! Akwai kuɗin huda, akwai kuɗin fanfo da faifan sola da shato, akwai kuɗin allon da za a rubuta sunan mai aikin, har da na rumfa da lemu ranar buɗewa, sai ladan wanda zai tabbatar ramin ya rayu ne babu? Araha ba ta ado. Foraj ɗaya da ya mutu ya fi ƙarfin abin da za a biya masani a ayyuka da yawa.

Saboda haka ga kiranmu, kowa da nasa.

Ku kantomomin kwaminoni. Magarya tana da kwamin bakwai, Dungas, wadda ta zama sashe mai cin gashin kansa a 2011, tana da huɗu. Sha ɗaya ke nan. In kwamin ɗaya ba za ta iya ɗaukar masanin ruwa ba, uku ko huɗu su haɗa hannu su ɗauki ɗaya. Aikinsa ya ƙidaya kowace rijiya da foraj, ya san mai rai da matacce, ya riƙa auna tsayin ruwa rani da damina, ya ajiye takardu a inda wanda zai gaje ku zai same su. Ma'aikatan ofishin ruwa na sashe suna ƙoƙari, amma ƴan mutane kaɗan ba za su iya bin ƙauyuka ɗaruruwa ba. Nijar tana da dokar ruwa tun 2010, ba sabon abu muke roƙo ba. Kuma shi wannan masanin zai gaya muku inda bai kamata a yanka fulotai ba saboda hanyar ruwa ce, da ramin da ya dace a ɗebi jar ƙasa don hanya. Damunar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ta nuna cewa ruwan sama ma yana buƙatar mai lissafi.

Ku ƙungiyoyi da furoje-furoje masu kawo ayyukan ruwa da noman rani. Kuna zuwa da ƙwararru daga Yamai, su kwana biyu su koma da rahotonsu. Ku sa cikin kwangila cewa kowane aiki zai ɗauki matashi ɗan yankin da ya karanta fannin, ya yi sitaj na gaske, da hannu cikin laka. Kuna cewa ba su da gogewa. A ina za su same ta in kowa ya rufe ƙofa?

Ku alhazai da ƴan ci-rani masu niyyar sadaka mai gudana. Allah ya karɓa. Amma sadakar tana gudana ne muddin ruwan na gudana. Ku ware ladan masani tun cikin kuɗin farko.

Ku iyaye da malaman lise. Hanyar nan daga lissafi da kimiyya take farawa, daga seri C da D, waɗanda yara ke gudu kamar wuta. Bayan bak akwai sashen jiyoloji na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, akwai makarantar EMIG ta ma'adinai da masana'antu da ilimin ƙasa, akwai EMAIR a Agadas, akwai cibiyar AGRHYMET mai horar da masana ruwa da yanayi, ga kuma Jami'ar André Salifou a hancinmu. Ku daina gaya wa yara cewa ƙarshen wannan karatu fetur ne kawai. Akwai ruwan ƙarƙashin ƙasa, akwai gwajin ƙasa kafin gini da hanya, akwai ilimin ƙasar noma, akwai zanen taswira da kwamfuta, akwai binciken illar ayyuka ga muhalli. Kuma ku bar ƴan mata su shiga. Su ne ke tashi da asuba neman ruwa, sun fi kowa sanin rijiyar da ke yaudara.

Ku kuma masu dipulom, ba za mu ƙyale ku ba. Ajiye takardu a ANPE da jiran kira ba sana'a ba ce. Ku haɗu uku ko huɗu ku yi rajistar ƙaramin kamfani. Ku fara da abin da aljihu zai iya: igiyar auna zurfin ruwa, wayar da ke nuna wuri a taswira, littafin rubutu. Ku bi masu injin ku ga yadda ake yi, ku durƙusa gaban tsofaffin maginan rijiya ku ɗauki abin da ba ya cikin littafin Faransanci. Ku koyi bayyana ilimin da Hausa, don mai gari ba zai biya kuɗin abin da bai gane ba. In kiran Agadem ya zo, ku tafi, Allah ya sa albarka. Amma wanda ya tafi da shekara uku na aikin fili a hannunsa ya fi wanda ya tafi da shekara uku na shayi a fada.

Mu kuma sauran jama'a, namu mai sauƙi ne. Duk foraj ɗin da za a miƙa wa gari, kafin a yi kabbara a tambayi takarda uku: ta zurfi da irin ƙasar da aka ratsa, ta gwajin ja, da ta gwajin ruwa daga ɗakin bincike, kowacce da sunan wanda ya sa hannu. In babu, aikin bai ƙare ba, kada a biya ciko. Ranar da garuruwa suka fara wannan tambaya, ranar ce ƴaƴanmu za su sauka daga kan babur, don dole a nemo mai cika takardun.

Daga Sassumburum har Malawa, daga Yekuwa har Tinkim, duk garin da ke da foraj matacce ko mai ruwan da ake shakka, ku aiko mana da sunan garin, da shekarar da aka huda, da abin da ya same shi. Sunan gari muke so, ba sunan mutum ba. Za mu tattara mu karanta a iska, mu kuma miƙa wa hukumomin sassan biyu, don kada gobe wani ya ce bai sani ba. Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya ba ƴaƴanmu abin yi a gida.